Dangwalen yatsa ya isa izini? Amsa ga mai bincike a kan matan awon ciki a Akko

Wata ma'aikaciyar lafiya da ke karatun digiri na biyu ta aiko da tambaya daga Kumo. Bincikenta a kan matan da ke zuwa awon ciki ne a ƙananan asibitocin ƙaramar hukumar Akko. Tana ɗaukar amsoshinsu da kwamfutar hannu, kowace mace kuma tana dangwala yatsa a takardar amincewa. Yanzu wata jami'a a Turai da ke tallafa wa aikin da kuɗi ta nemi a tura mata bayanan gaba ɗaya, malamin da ke duba aikinta kuma ya ce in dai an goge sunaye babu matsala. Ita dai zuciyarta ba ta kwanta ba. Tana son ta san ko dangwalen nan ya isa izini, kuma ko ta tura.

Ƙanwata, wannan rashin kwanciyar zuciyar ki riƙe shi da kyau, don shi ne mafi daraja a cikin kayan aikinki. Na yi shekaru ina koyar da hanyoyin bincike, na kuma zauna a kwamitin da ke tantance ɗa'ar bincike kafin a ba da izinin fita fili. Amsata a taƙaice: dangwale kaɗai bai isa ba, goge suna ma bai isa ba. Za ki iya tura wani ɓangare na bayanan, amma da sharuɗɗa a rubuce. Takardar da aka dangwala ke take karewa, ita ce hujjarki ran da aka tuhume ki. Matar da ta dangwala kuwa, abin da zai kare ta shi ne irin hukuncin da za ki yanke a kan abin da ta faɗa miki bayan ta ɗaura goyonta ta tafi gida.

Mu fara da izinin. Ƙa'idar cewa ba a gwaji a kan mutum sai da saninsa da yardarsa ta fito ne daga ɓarna. An rubuta ƙa'idojin Nuremberg a 1947 bayan shari'ar likitocin Jamus na zamanin Hitila, ƙungiyar likitocin duniya ta fitar da sanarwar Helsinki a 1964, Amurka kuma ta fitar da rahoton Belmont a 1979 bayan tonuwar asirin binciken Tuskegee, inda aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani tun daga 1932 har 1972 don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Mu ma ba sai mun tsallaka teku ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma kafin nan an riga an biya wani farashin da ya fi wannan: da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na Nijeriya ya fito a 2007, kuma shi ne kwamitocin ma'aikatar lafiya da na asibitocin koyarwa suke aiki da shi har yau.

To ki dubi yadda izini ke faruwa a layin awo ranar da asibiti ya cika. Ke ce sanye da fararen kaya. Ke ce kika auna mata jini jiya, kuma wataƙila a hannunki za ta haihu. Kika ce mata, "Baiwar Allah, za mu yi miki 'yan tambayoyi, dangwala nan." Wace mace ce za ta ce a'a? Kunya ba za ta bar ta ba, ga kuma tsoron kada ƙin ya shafi yadda za a kula da ita ran naƙuda. Shi ya sa nake ba ɗalibaina shawara cewa wanda ke neman izini ya zama ba shi ne mai ba da magani ba, kuma a nemi izinin bayan an gama duba mace, ba kafin ba. A faɗa mata da baki, a fili: "In kin ƙi, ba abin da zai canja a awonki." A faɗa da harshen da take tunani da shi. A Akko za ki haɗu da wadda Fulatanci ya fi mata sauƙi, da Batangaliya, da Batera, kuma takardar da aka juyo daga Turanci kalma bayan kalma ko Bahaushiya ba ta gane ta. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ki nemi matar ta maimaita miki da bakinta abin da ta fahimta. In ba ta iya cewa "za a rubuta maganata, za a kai ta wata ƙasa, amma ba za a kai sunana ba, kuma ina iya fasawa", to ba ta ba da izini ba tukuna, tawada kawai ta shafa.

Ki lura da abin da na sa a bakinta: za a kai ta wata ƙasa. Ki koma ki karanta takardarki. In babu wannan maganar a ciki, matan nan sun yarda ne su yi magana da ke, ba su yarda a yi magana da Turai ba.

Akwai kuma batun miji da mai unguwa ko jauro. Sallama a zaure wajibi ce, wanda ya tsallake ta ba zai yi aiki a ƙauye ba, kuma girmama su daidai ne. Sai dai izinin maigida na shiga gida ne. Abin da ke cikin cikin matar, da ɓarin da ta taɓa yi, da allurar tazarar haihuwa da take karɓa, ita ce mai ikon buɗe su. Sannan cikin masu zuwa awo akwai waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ko da suna ɗakin aure, ki kai wannan gaban kwamitin ɗa'a ƙarara su faɗa miki wanda zai sa hannu tare da su, kada ki yanke ke kaɗai.

Yanzu maganar malaminki, cewa goge suna ya wadatar. Ina girmama shi, kuma haka aka koya wa yawancinmu. Amma bincike ya rushe wannan tunanin tun da daɗewa. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a lokacin, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts waɗanda aka goge wa sunaye, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe da ta saya a kan dala 20, ta zaro takardar asibitin gwamnan jihar, William Weld. Daga baya ta nuna cewa kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware kowanensu da abu uku kawai: ranar haihuwa, jinsi, da lambar yankin gidan waya. Wannan a ƙasar da ke da mutane ɗaruruwan miliyoyi ke nan. Ina ga wata ruga a bayan Pindiga mai gida goma sha biyar? In layin bayananki ya ce mace ce 'yar shekara 34, haihuwa tara, biyu tagwaye, Bafulatana, ta zo awo ranar kaza, kowace ungozoma a yankin za ta faɗa miki sunanta da na kakarta. In kuma fom ɗinki na manhajar tattara amsoshi, KoboToolbox ko ODK, yana ɗaukar lambobin GPS na inda aka yi hira, kuma kin bi wasu har gida, to kin ba da taswirar ƙofar ɗakinta. Masu babban binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda ake yi a Nijeriya duk bayan 'yan shekaru, da gangan suke gusar da lambobin wuri kafin su saki bayanai: har kilomita 2 a birni, har kilomita 5 a karkara, wasu 'yan kaɗan har 10. Ke ma haka za ki yi, ko ki cire su gaba ɗaya ki bar sunan gunduma. Shekaru ki mayar da su rukuni, ranar zuwa ki mayar da ita wata, duk rukunin da mutanensa ba su da yawa ki haɗe shi da na kusa da shi.

Kada ki manta dangwalen kansa bayani ne. Takardar nan tana ɗauke da suna da zanen yatsa a wuri guda. Na ga ɗalibai suna ɗaukar hotonta suna lodawa tare da amsoshi don su nuna wa mai ba da kuɗi cewa sun nemi izini. Takardun amincewa a akwati mai makulli suke zama, nesa da amsoshi, kuma ba sa fita ƙasa.

Me zai faru in an gane mace? Wannan ita ce tambayar da nake so ki zauna da ita, don a nan ne lissafin ɗakin karatu ke komawa rayuwar mutum. Matar da aka san tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko tana shan maganin tazara ba da sanin miji ba, ko tana fama da yoyon fitsari, abin da ke jiranta na iya zama saki, ko gori daga kishiya har ƙarshen zamansu, ko a daina sayen abincin da take sayarwa. Wanda ke zaune a ofis a Turai ba shi da hanyar auna wannan. Ke ce kika san nauyinsa, don haka ke ce ya kamata ki tsaya a kai. Na taɓa sayen ƙosai a cikin garin Gombe aka ƙunshe mini shi a takardar tambayoyin wani bincike da aka cike da biro, ga sunan mace, ga unguwarta, ga amsarta a kan cikin da ta zubar. Na daɗe tsaye da takardar a hannu. Ba wani ɓarawon intanet da ya sace ta. Wani ne ya kammala digirinsa, ya bar kwalin a shagon buga takardu ko a ɗakin haya, aka sayar a kan kilo. Yawancin fallasar da na gani a wurinmu irin wannan ce: fayil da aka tura a zauren WhatsApp na masu tattara bayanai, wayar da aka kai gyara ba makulli, kwamfutar shago da aka bar kundi a kanta. Addininmu ya gaya mana cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya don ganin ko wani na ji, maganar ta zama amana. Matan nan kowacce sai da ta rage murya kafin ta amsa miki.

Ko da ba a gane kowa ba, akwai cutarwar da ke faɗa wa jama'a a dunƙule. Ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona a Amurka ta ba masu bincike na jami'ar jihar jininta tun daga 1990 don a gano dalilin yawan ciwon suga a cikinsu. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da auren dangi da asalin inda suka fito, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta kuma mayar musu da jinin. Irin wannan ne ya sa al'ummar San ta kudancin Afirka ta rubuta nata kundin ɗa'ar bincike a 2017, kuma a 2019 masana daga ƙabilun asali na ƙasashe daban-daban suka fitar da ƙa'idojin da ake kira CARE, waɗanda suka ce jama'ar da aka ɗebi bayananta tana da haƙƙin cin amfaninsu da ikon faɗin yadda za a yi da su. Ki yi tunanin wani da bai taɓa taka Gombe ba ya buga maƙala da bayananki yana cewa matan ƙabila kaza su ne suka fi ƙin asibiti, bai san cewa gadar da ke kai su asibitin ruwa ke cinye ta duk damina ba. A jihar da ƙabila da addini ke da zafin da muka sani, jumla ɗaya irin wannan tana iya yawo shekaru.

Doka ma tana gefenki. Ƙa'idar kare bayanai ta fito daga hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, a Janairun 2019, lokacin da ɗan Gombe Isa Ali Pantami ke shugabantarta. A Yunin 2023 aka sa hannu a cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta sa bayanan lafiya, da ƙabila, da addini, da zanen yatsa cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Ta ce a tattara bayani don manufa bayyananniya, a tsaya iya abin da manufar ke buƙata, mutum kuma na da ikon janye yardarsa. Ta ce ba a fitar da bayanan mutane waje sai akwai isasshiyar kariya a inda za su ko wani dalilin da dokar ta amince da shi, kuma in aka samu fallasa mai haɗari a sanar da hukumar cikin awa 72. Saboda haka abin da za ki nema shi ne yarjejeniyar musayar bayanai a rubuce tsakanin jami'arki da tasu, ba tsakaninki da wani farfesa ta imel ba. Ta faɗi ginshiƙan jadawalin da za a tura, wato nau'o'in amsoshin, da aikin da za a yi da su, da wanda zai gan su, da ranar da za a goge su. Ta hana miƙa su ga wani na uku ko zuba su a rumbun da kowa ke ɗiba sai an dawo wurin kwamitin ɗa'arku. Magana zarar bunu ce, fayil ma haka: in ya fita ba ya komawa.

Akwai wani gefen da ba ki tambaya ba, amma shi ne masu nazarin adalci a harkar bayanai suka fi damuwa da shi. Linnet Taylor ta jami'ar Tilburg ta tsara shi a 2017 a kan abu uku: yadda ake ganin mutum ko ake rasa ganinsa a cikin bayanai, da ikonsa na shiga ko ƙin shiga wata fasaha, da kare shi daga wariya. Mu mun ɗanɗani na farkon. Da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a Disambar 2020, sannan aka toshe kiran layuka sama da miliyan 70 a Afrilun 2022, waɗanda suka fi shan wahala su ne tsohon manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa, da matar da lalle ya hana na'ura karanta nata, da wanda aka rubuta Muhammadu a NIN, Mohammed a BVN, da duk wanda magatakarda ya ba 1 ga Janairu don bai san ranar haihuwarsa ba. Tsarin da aka gina a kan cewa kowa na da sunan dangi guda da takardar haihuwa ba da mu aka auna shi ba. Bayananki ma suna da irin wannan ramin. Matan da ke zuwa awo su ne masu kuɗin mashin da izinin fita. Wadda ta fi shiga haɗari tana gida, ba ta cikin jadawalinki ko kaɗan. Kuma kin san in kika tambayi mace 'ya'yanta nawa, wata za ta tsallake ɗan fari saboda alkunya, wata ba za ta ƙirga waɗanda suka rasu ba. Ke za ki gane ki sake tambaya ta wata hanya. Wanda ya karɓi lambobi tsirara ba zai sani ba.

Abin da ya sa wannan ya ƙara nauyi a yau shi ne irin waɗannan bayanan ne ake ciyar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da su. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance jinsi daga hoton fuska na kamfanoni uku, suka samu kuskuren da ya kai kashi 34.7 cikin 100 a kan mata masu duhun fata, alhali a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba. A Holan, tsarin hukumar haraji na farautar masu zamba a tallafin renon yara ya ɗauki zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari, aka zalunci dubban iyalai, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. In wata rana aka gina manhajar da ke zaɓen matan da za a fara bibiya, aka horar da ita da bayanan masu zuwa awo kaɗai, za ta koyi rashin ganin matar rugar nan, ta kuma yi hakan da sunan ilimi. Don haka duk abin da za ki tura, ki haɗa shi da bayani a rubuce: su wa ke ciki, su wa ba sa ciki, da wane harshe aka yi hira, wace tambaya ce kika san amsarta na da rauni. A yarjejeniyar kuma a rubuta ƙarara ko an yarda a horar da manhaja da su ko ba a yarda ba.

Sai haƙƙinki da na garin. Na ga aikin da ɗalibanmu suka sha rana suka tattara, aka buga shi a manyan mujallu sunayensu na can ƙasa a layin godiya, su kuma ko damar buɗe cikakken rumbun ba su da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ki nemi a rubuta cewa asalin bayanan na nan gida a hannun jami'arki, cewa ke za ki fara bugawa daga kundinki, cewa duk maƙalar da ta fito daga ciki za ki gan ta kafin a aika kuma sunanki na cikin marubuta. Abokan aiki na kirki ba sa jin haushin wannan, da yawansu dokar ƙasarsu ma ta tilasta musu irin wannan takarda. In kin gama, ki koma asibitocin nan ranar awo ki gaya wa matan abin da kika gano da Hausa da Fulatanci, ki kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma shafi biyu da za su iya aiki da su, ki zauna da kwamitin raya gunduma.

Malaminki kuma kada ki je masa da sigar gyara. Ki ce, "Malam, ina son mu tsare kanmu da jami'a, ko za mu mayar da maganar turawar gaban kwamitin ɗa'a su ba mu izini a rubuce?" Ki tafi da takardar amincewarki, da jerin ginshiƙan da kike ganin za a cire, da daftarin yarjejeniyar. In kwamitin ya ga takardar farko ba ta ambaci fitar da bayanai waje ba, zai ce ko dai ki koma ki sake neman izinin matan, ko ki tura jimillar alƙaluma kawai ba layin kowace mace ba. Kafin wannan zaman, a daren yau, ki sa wa kwamfutar hannun makulli, ki goge duk kwafin da ke WhatsApp da wayoyin masu taya ki, ki raba takardun dangwale da amsoshi.